Ajiye Aiki: Tsakanin Wa'adin Doka da Amanar Allah

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai juya dare da rana, wanda Ya sanya wa kowane abu wa'adi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk mai hulɗa da jama'a a masallatan Daura, daga unguwar Kusugu har ƙauyukan Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, ya san akwai wata tambaya da magidanta ba sa yi a bainar jama'a. Sai sahu ya watse, an rage daga liman sai ladan, sannan mutum ya matso ya sassauta murya. Zai ce saura masa shekara ɗaya ko biyu ya ajiye aiki, ga yara ƙanana, ga gidan haya, kuma an nuna masa wanda zai iya gyara masa shekaru a takarda. Yana son ya san hukuncin Allah a kan haka.

Hukuncin ba ɓoyayye ba ne, kuma za mu zo kansa. Sai dai wanda ya yanke hukunci bai dubi abin da ya kai bawan Allah bakin wannan rami ba, ya yi rabin aiki. Shi ya sa a yau muke son mu duba abubuwan da ke sa ma'aikaci ya sauka a kan lokaci, ko ya sauka tun lokaci bai yi ba, ko ya maƙale bayan lokaci ya wuce, sannan mu auna su da ma'aunin Musulunci.

Abin da doka ta tanada

Ajiye aiki a wata ƙayyadaddiyar shekara tare da biyan fansho sabon abu ne a tarihin duniya. Jamus ce ta fara shimfiɗa shi ga talakawan ma'aikata a 1889, zamanin Bismarck, kuma shekara 70 aka sa a lokacin. Mu kuwa mun gaje shi ne daga Turawan mulkin mallaka, tare da ofis da fayil da albashin wata.

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana yin ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Lissafin yana da sauƙi. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22, zai sauka yana da 57, da sauran ƙarfinsa. Wanda bai samu aiki ba sai da ya kai 35, shekara 25 kawai zai yi. Waɗanda aka ɗauka a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, wa'adinsu ya cika tun 2022.

An yi wa wasu rukunin ma'aikata ƙari. A 2012 aka kai shekarun farfesoshin jami'a zuwa 70, na malaman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha zuwa 65. A 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai na malaman firamare da sakandare zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki, ko da yake aiwatar da ita a jihohi bai zo lokaci ɗaya ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya mayar da shekarun alƙalan manyan kotuna 70. Ta ɗaya gefen kuma, a 2009 gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta sa wa daraktocin tarayya wa'adin shekara 8 a kan kujera, domin na ƙasa su samu hawa.

Akwai abin lura a nan. A Faransa, da gwamnati ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, ma'aikata sun cika tituna suna zanga-zangar ƙin amincewa. A wajenmu kuwa ƙungiyoyin ƙwadago ne ke roƙon a ƙara musu shekarun. Bafaranshe yana ɗokin ranar sauka domin ya san abin da ke jiransa. Namu ma'aikacin shi ma ya san abin da ke jiransa, shi ya sa yake gudun ranar.

Abin da ke riƙe ƙafar ma'aikaci

Na farko kuma mafi girma shi ne tsoron abin da zai biyo bayan albashin ƙarshe. Ma'aikacin da ke shirin sauka ba daga littafin doka yake karanta makomarsa ba, a jikin waɗanda suka riga shi yake karanta ta. Ya ga wanda ya yi shekaru yana jiran garatuti, ya ga wanda ke zarya wajen tantancewa da sanda a hannu, ya halarci jana'izar wanda ya rasu haƙƙinsa bai fito ba, magada suka gaji zaryar. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

An yi ƙoƙarin gyara. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin asusun ajiya na kowane ma'aikaci a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, aka sake ta a 2014, inda ake cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara kashi 10. Tsarin ya rage wasu matsaloli, amma ƙorafi bai ƙare ba. A 2025 'yan sandan da suka yi ritaya sun yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga cikinsa saboda ƙarancin abin da suke karɓa. Sannan ga hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mai albashi ana iya yi masa ƙari, kamar yadda aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Ɗan fansho kuwa sau da yawa yana nan a kan lissafin ranar da ya sauka. Misali ɗaya ya isa: iyayenmu da dama da kuɗin garatuti suka sauke farali, amma kujerar Hajji da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025.

Na biyu shi ne shekarun 'ya'ya. Wanda ya ƙara aure yana da shekara 48, ranar da ya cika 60 babban ɗan amarya bai gama ƙaramar sakandare ba, na ƙasa da shi kuma suna firamare. Ƙarin aure halal ne ga mai iya adalci da ɗaukar nauyi, ba mu da ja a kan wannan. Amma ciyarwa da ilmantarwa wajibai ne da ba sa yin ritaya tare da mai gida, kuma hankali ya hukunta a sa su a lissafi tun ranar da aka kai kuɗin gaisuwa. Haka nan manyan 'ya'yan da ake sa ran su karɓi nauyi, da yawansu sun gama karatu suna zaune a gida. Uba ya kasa sauka domin ɗa bai samu aiki ba, ɗa kuma ya kasa samu domin iyayen wasu ba su sauka ba.

Na uku shi ne muhalli da bashi. Mai gidan kansa da 'yar gona a bayan gari yana kallon ritaya da wani ido daban da na wanda ke gidan haya ko gidan gwamnati. Wanda kuma ya jingina albashinsa ga banki, ana zare kaso duk wata, yana ganin ranar sauka kamar ranar da za a tona masa asiri.

Na huɗu ba a cika faɗarsa ba, shi ne tsoron mutuwar girma. Mutum ya saba ana tashi in ya shigo, wayarsa ba ta hutawa, ƙofar gidansa cike da masu gaisuwa. Ya kuma ga yadda ƙofar wanda ya gada ta koma fayau cikin wata uku. Wannan ciwo ne na zuciya, kuma Annabi (SAW) ya faɗakar a kansa a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda ya nuna cewa ɗan Adam yana tsufa alhali abu biyu suna ƙara ƙuruciya a tare da shi, wato son dukiya da son tsawon rai.

Akwai kuma masu sauka tun wa'adi bai yi ba. Wani hawan jini ne ko ciwon sukari ko ido ya ci ƙarfinsa. Wani siyasa ce ta kira shi, wani kasuwanci, wani kuma an danne masa ƙarin girma ne har ya gaji. Mata ma'aikata, musamman malaman makaranta da na asibiti, suna da nasu dalilan: canjin wurin aikin miji, renon yara, ko jinyar tsofaffin iyaye. Wadda ta bar aiki domin ta yi jinyar mahaifiyarta ta yi ciniki mai riba a wajen Allah. Abin da muke ba da shawara shi ne a bi hanyar ajiyewa ta ƙa'ida, a rubuta takarda, kada shekarun da aka yi su tafi a banza.

Waɗanda ba su da ranar ritaya

Mafi yawan mutanen masarautar Daura ba su taɓa karɓar albashi ba. Manomin gero da wake a Baure, dillalin dabbobi a kasuwar Mai'adua, direban da ke jigila ta iyakar Kongolam, maƙeri da mahauci da mai dako, babu wata takarda da za ta zo musu da ranar sauka. Jiki ne ke yanke musu hukunci, sai kuma samuwar magaji.

A da, tsarin gandu ne fanshon Bahaushe. Uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, ana zuba amfani a rumbu ɗaya, kowane ɗa yana da gayaunarsa. Idan ƙarfin uba ya ja baya, babban ɗa ya karɓi ragama, tsoho ya koma mai ba da shawara da rabon hatsi, tuwonsa kuma ba ya yankewa har ya koma ga Allah. Yau gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, ƙasa ta gaji, samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas. Shi ya sa za ka ga dattijo ɗan shekara 70 a duƙe da fartanya a tsakiyar rana. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa a 2019, amma labarinsa bai kai ga mafi yawan waɗanda aka yi dominsu ba. Ga irin waɗannan bayin Allah, fanshon da shari'a ta tanada shi ne ciyarwar da ta wajaba a kan 'ya'ya masu hali, sai zakka da taimakon dangi. Ɗan da ke da wadata alhali mahaifinsa na noma don yunwa, ya sani yana cikin saɓo, ko da yana sahun farko a kowace salla.

Ma'aunin Musulunci: ƙarfi da amana

Shari'a ba ta yanke wata shekara da za a daina neman halal ba. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin Annabi (SAW) cewa ko Alƙiyama ce za ta tashi alhali mutum na riƙe da dashen dabino, idan zai iya dasawa ya dasa. Amma riƙe aikin wani, musamman aikin al'umma, yana da sharaɗi, kuma Alƙur'ani ya bayyana shi a ƙissar Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasas, daga aya ta 23.

Annabi Musa (AS) ya iso rijiyar Madyana ya tarar da makiyaya suna shayarwa, ga wasu mata biyu a gefe suna tsare dabbobinsu. Da ya tambaye su, suka ce mahaifinsu tsoho ne mai yawan shekaru. Wannan dattijo ya san ƙarfinsa ya ƙare, bai je yana kokawa da samari a bakin rijiya ba. Daga baya ɗaya daga cikin 'ya'yan ta ba shi shawarar ya ɗauki Musa aiki, ta kafa hujja da siffa biyu, ƙarfi da amana. Aka ƙulla yarjejeniya mai wa'adi, shekara 8, in ya so ya cika 10. Ibn Abbas (RA) ya bayyana, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa mafi tsawon wa'adin ya cika. Da wa'adi ya cika kuma sai ya ɗauki iyalinsa ya tafi. A ƙissa ɗaya mun samu tsohon da ya janye a kan lokaci, da ma'aikacin da ya cika wa'adi bai rage ba, da sharuɗɗan da kowane ɓangare ya sani tun farko.

Ƙarfi a nan ya haɗa da na jiki da na hankali da iya aikin kansa. Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri (RA), duk da tsoron Allah da aka san shi da shi, ya nemi a ba shi wani muƙami, Annabi (SAW) ya hana shi saboda rauni, ya kuma sanar da shi cewa amana ce da ke zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai ba ta haƙƙinta ba. Idan rauni ya isa ya hana shiga, to ya isa ya sa a fita. Direban da idonsa ya dushe, ma'aikacin jinyar da hannunsa ke rawa wajen allura, malamin da ba ya iya tsayuwa a gaban allo, kowannensu yana riƙe da rayuka ko makomar 'ya'yan mutane. Ko da saura shekara biyar a takarda, amana ta ce ya nemi a sauya masa aiki mai sauƙi ko ya sauka.

Magabata sun aiwatar da wannan a kansu. Malaman hadisi sun tattauna lokacin da ya kamata malami ya daina ruwaya, har Ramahurmuzi ya zaɓi shekara 80, don tsoron kada rikicewar tsufa ta shiga hadisin Manzon Allah (SAW). Wasu malamai suka ce abin dubawa shi ne lafiyar hankali, domin akwai sahabbai irin su Anas ɗan Malik (RA) da suka ci gaba da ruwaya bayan wannan shekara. Ko ta wace fuska aka ɗauka, sun fifita kare amana a kan kare kujera. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 bai rungume mulki ba. Wajen 1812, yana Sifawa, ya raba gudanar da daula tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a Sakkwato a 1817. Bai kai shekara 60 ba lokacin da ya yi wannan rabo.

Wannan magana ta shafe mu, mu ma'abota mumbari. Limanci ba shi da shekarun ritaya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Amma idan karatu ya fara kuɓucewa, ko tsayuwa ta gagara, girman liman shi ne ya gabatar da na'ibin da ya horar da hannunsa, shi kuma ya zauna a matsayin uba. Jama'ar masallaci kuma wajibinsu ne su ci gaba da ɗaukar nauyinsa, domin sau da yawa tsoron yunwa ne ke hana dattijo sakin mihrabi.

Hukuncin rage shekaru

Dole mu bambance mutum biyu. Da yawa daga waɗanda aka haifa a ƙauyukanmu kafin 1970 ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Da aka zo ɗaukar yara makaranta, musamman lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, akan sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa, hedimasta ya ƙiyasta masa shekara. Wanda ya tafi a kan wannan ƙiyasi da zuciya ɗaya babu laifi a kansa, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa.

Na biyu shi ne wanda ya san shekarunsa, ko ya san abin da ke fayil ɗinsa tun ranar ɗaukarsa, sannan ya je kotu ya yi rantsuwa a kan wata shekarar daban, ko ya ba da na goro aka canja takarda. Wannan ya tara laifuka a aiki ɗaya. Ya yi rantsuwar ƙarya da gangan, wadda malamai ke kira gamusa domin tana dulmiyar da mai ita cikin zunubi, kuma hadisin Buhari ya lissafa ta cikin manyan kaba'irai. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, ba ta da kaffara, sai tuba. Ya warware alƙawarin da ya shiga aiki a kansa, alhali ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alƙawura. Ya ba da rashawa, ya kuma jefa wanda ya karɓa cikin halaka. Sannan ya tare wa na ƙasa da shi ƙarin girma, ya tare wa wani matashi gurbi. Daura ta samu sababbin manyan makarantu a 'yan shekarun nan, har da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga waɗanda ake yayewa daga Katsina da Kano da Zariya duk shekara. Waɗannan yara namu ne, kuma kowace kujera da aka riƙe da ƙarya haƙƙin ɗayansu ce.

Wanda ya riga ya faɗa, ƙofar tuba a buɗe take. Abin da muke gani shi ne ya yi nadama, ya daina amfani da takardar ƙarya, ya sauka a ranar da gaskiya ta nuna, ya kuma zauna da malamin da ya amince da iliminsa su duba batun abin da ya karɓa bayan wa'adi. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko a duniya, yanzu da lambar ɗan ƙasa da ta banki ke tona bambancin takardu. Allah kuma Ya yi alƙawari a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 2 da ta 3, cewa mai tsoronSa zai samu mafita da arziki ta inda bai zata ba.

Haƙƙin da ke kan mai ba da aiki

Zalunci ne mu tsawata wa ma'aikaci mu yi shiru a kan wanda ya tsorata shi. Fansho da garatuti ba kyauta ba ce, ladan aiki ne da aka jinkirta bisa yarjejeniya, don haka bashi ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. A hadisin ƙudusi da ke Buhari, Allah Ya ambaci mutum uku da zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, aka yi masa aiki cikakke, shi kuma ya hana lada. Tsarin mulkin ƙasa ma, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka sake duba albashi.

Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraj cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali, yana ganin rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi a tsufansa. Idan wannan ne haƙƙin wanda ba Musulmi ba, wanda kuma bai yi wa hukuma aiki ba, ina ga wanda ya ba ta shekara 35?

Mu mutanen Daura mun fi kowa sanin illar tare rijiya. Labarin da muka gada ya ce macijin Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, gari na fama da ƙishi alhali ruwa na nan a ƙasa. Kuɗin 'yan fansho ma sau da yawa suna nan, wani ne ya kwanta a kansu. Ba zargi ne na baka kawai ba: a watan Nuwamban 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke wa Abdulrashid Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ɗaurin shekara 8 kan halasta kuɗin haram. A ƙananan matakai kuma akwai mai ɓoye fayil sai an ba shi kaso, rijiya ta bayar guga ya hana. Duk mai irin wannan hali ya tuna cewa shi ma layin yana jiransa. Wannan hukunci ya hau kan masu makarantu masu zaman kansu, da masu shaguna da gidajen mai, da duk mai yaron gida da ya tsufa a hannunsa.

Shiri tun da sauran rana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa mutanen Masar su adana daga shekaru bakwai na yalwa domin bakwai na fari, kuma wannan bai saɓa wa tawakkali ba. Matashin da ya kama aiki bana ya san ranar saukarsa tun yau, abin da manomi da ɗan kasuwa ba su sani ba. Ya fara da fili ko da ƙarami ne, ya riƙe gona ko kiwo ko wata sana'a da ba ta ci masa lokacin aiki, ya koya wa 'ya'yansa sana'a tare da boko da allo, ya nisanci bashin ruwa. Ya riƙa duba asusun fanshonsa yana tabbatar da ana zuba abin da aka cire. Mai gudun riba kuma ya sani cewa tun 2021 hukumar PenCom ta buɗe asusu marar kuɗin ruwa wanda ake juya shi bisa ƙa'idojin shari'a, ma'aikaci na iya neman kamfanin fanshonsa ya mayar da shi can.

Shirin da ya fi wannan shi ne na abin da za a yi da lokacin. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, saboda haka mai shekara 60 a takardar gwamnati ya doshi 62 a lissafin Hijira, saura kaɗan ya kai 63 da Annabi (SAW) ya yi a duniya. Buhari ya ruwaito cewa Allah Ya yanke uzurin wanda Ya jinkirta wa ajali har ya kai 60, Tirmizi kuma ya ruwaito cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke wucewa. Marigayi Muhammadu Buhari ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 2023 ya dawo Daura. Ranar 13 ga Yulin 2025 Allah Ya karɓi ransa a Landan, aka binne shi a gidansa da ke garin nan bayan kwana biyu. Shekara biyu da 'yan makonni ne tsakanin kujera da kabari, kuma babu wanda aka ba tabbacin ko wannan.

Wanda Allah Ya nufa da sauka da sauran lafiya ya samu ni'imomi biyun da aka ce mutane da yawa suna hasararsu, lafiya da sarari. Ga sauke Alƙur'anin da aka daɗe ana ɗagawa, ga karatun zaure, ga zumuncin da aiki ya yanke, ga haƙƙoƙin mutane da ya kamata a mayar tun ana iya magana. Al'umma kuma tana buƙatarsa. Islamiyyun unguwanninmu na neman tsohon malamin da zai tsara musu manhaja, kwamitocin masallaci da na marayu na neman tsohon akawun da zai riƙe musu lissafi, ma'aurata na neman dattijon da zai sulhunta su kafin a kai ga alƙali.

Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a ƙarfin matasanmu, Ya rufa asirin dattawanmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke haƙƙin waɗanda suka yi wa ƙasa hidima, Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jira. Allah Ya sa mafi alherin rayuwarmu ya zama ƙarshenta, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.